Sandar da Mawaƙin Bai Taɓa Riƙewa Ba

Kafin sunana ya lalace, ni mai tsaron teburin sinuka ne a Kazaure, a wata rumfar kwano da ke bayan tasha. Teburin na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, mutumin Roni. Gwanjo ya saye shi, ya damƙa mini bayan na gama sakandare na rasa abin yi. Aikina in share ƙyallen tebur, in jera ƙwallaye, in karɓi kuɗin wasa, in raba gardama. Idan fatar bakin sanda ta cinye, ni nake yanka sabuwa in liƙa. Idan sanda ta lanƙwashe, na san yadda ake gasa ta a miƙar da ita. Ban yi arziki ba, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, kuma a lokacin babu wanda yake matse aljihunsa idan na zauna kusa da shi.

'Yan'uwana sun so in rufe bakina a kan wannan labari. Yayana ma cewa ya yi in tattara in koma Kano ko Legas, inda ba a san fuskata ba. Na ƙi. A ƙasar nan na yi abin da na yi, a nan kuma zan faɗe shi da bakina, ba yadda ake juya shi a majalisa ana ƙyalƙyala dariya ba. Ku samari da kuke zuwa rumfata kuna kallona kamar wani gwanin wayo, ku nake so ku ji shi yadda yake.

Da wasa abin ya fara. A cikin sandunan da suka zo tare da teburin akwai wata tsohuwa, baƙin itace, mai nauyi, da zoben tagulla a tsakiyarta inda ake haɗa ta. A shekarar wasu 'yan fim suka zo ɗaukar shiri a bakin dam, sai wani fitaccen jarumi a cikinsu ya tsaya a rumfata ya sha lemo, ya gaisa da mutane, ya tafi. Ko kusa da teburin bai je ba. Bayan 'yan makonni ɗan wani mai gidan mai a garinmu ya zo da abokansa, ya ɗauki tsohuwar sandar nan, ya yi ta cin wasa da ita. Da ya gama ya tambaye ni inda na samo ta. Sai na ce ai ta jarumin nan ce, mantawa ya yi da ita ranar da ya zo.

Dariya na zata za a yi. Ba wanda ya yi. Yaron ya sake ɗaga sandar yana shafa ta a hankali, abokansa suna roƙon ya ba su su riƙe. Kafin la'asar ya saye ta a kan abin da ba na samu a wata guda. Da Kawu ya zo, na ce masa sandar ta karye na yar. Sata ta farko ke nan, kuma ɗan'uwan uwata na yi wa.

Abin da na gane a ranar shi ne ba itacen yaron ya saya ba. Abin da zai faɗa wa baƙi idan sun shigo falonsa ya saya. Itace kuwa ga shi nan jibge. Na fara shiga Kano ina tona dilolin gwanjo da ake kawowa daga waje, ina tsintar tsofaffin sanduna a kan kuɗin da bai kai na abincin rana ba. Idan na dawo sai in goge su da samfefa, in shafe su da ruwan shayi mai kauri, in rataye su a saman murhun gidanmu su sha hayaƙi har su yi duhu. In gasa ƙusa in zana haruffan farko na sunan wanda na ga dama a gindin sandar. Daga nan in kai wa wani baduku ya naɗe mariƙin da jar fata, in yi ta murza fatar da man gyaɗa har ta yi kamar hannu ya daɗe a kanta. A waya na koyi haɗa hoto. Sai in samo hoton mutum yana riƙe da wani abu, in cire abin in sa masa sanda, in kai a wanke mini. Ban taɓa tura wa kowa hoto ta waya ba, a hannu nake bayarwa.

Na sayar da sandar wani ɗan ƙwallo da ke wasa a Turai. Na sayar da ta jarumai. Wadda ta fi tafiya ita ce ta wani mawaƙi da a lokacin ba ka wuce shago ba ka ji muryarsa ba. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, na ci abinci da sunayensu iya ci. Kowane mai saye nakan ja shi gefe in ce masa ita kaɗai ce a duniya, kuma ya rufa mini asiri kada mai ita ya ji ya ce a mayar masa.

Suna ya bi ni, aka koma kirana Mai Sanda. Daga Roni, daga Babura, har daga Kano mutane suka fara kawo mini kaya in duba in faɗi darajarsu: sanda, rigar ƙwallo, hula, duk abin da aka ce wani shahararre ya taɓa amfani da shi. Nakan karɓi abu in juya shi, in ɗaga shi a rana, in shinshina, sannan in yanke hukunci. Duk sandar da ba daga hannuna ta fito ba, jabu ce. Wadda ta fito daga hannuna kuwa, idan mai ita ya dawo bayan shekara sai in ce masa kuɗinta ya ninka, ya tafi yana murna yana turo mini abokansa. Babu wanda ya taɓa tambayata a ina na yi karatun wannan sana'a.

Zan faɗi wani abu ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. A cikin waɗanda suka saya akwai waɗanda na ga shakka ƙarara a idonsu, amma suka haɗiye ta, domin suna son abin da za su yi taƙama da shi fiye da yadda suke son gaskiya. Yau su ne suka fi kowa ɗaga murya a kaina. Ba zan ɗaukar musu nasu ba. Sai dai wannan bai rage mini komai daga nawa ba, domin ni na gasa ƙusar.

Kawu ne kaɗai ya tare ni. Ya zo daga Roni ya tarar da sabon babur a ƙofar rumfa, ya zagaya shi, ya zauna, ya sha ruwa. Sannan ya ce, "Ni na sayi teburin nan, na san abin da yake haifarwa. Ba ya haifar babur." Na ce masa zamani ne ya canza, akwai kasuwancin da su ba su sani ba. A makon ya turo mota aka ɗauke teburinsa. Ni kuma na sayi sabo wanda ya fi nasa, na ɗauka na yi nasara.

Yanzu sai maganar Haladu. Abokina ne tun muna aji ɗaya a sakandare, ɗan wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Lokacin hutu can nake tafiya, mahaifiyarsa, wadda ni ma nake kira Inna, ta zuba mana dambu a kwano ɗaya, ta wanke mana kaya tare ba ta ware nawa ba. Da muka girma ya koma gona. Yana noman gero da riɗi, yana da shanun huɗa guda biyu da ya tara shekaru kafin ya mallaka, idan rani ya yi kuma ya je kasuwar Babura yana dillancin hatsi tsakanin mutanenmu da 'yan Nijar. A can ya saba da wani Alhaji, babban ɗan kasuwa daga tsallaken iyaka, wanda ke mutuwar son mawaƙin nan, ba a jin komai a motarsa sai waƙoƙinsa.

Wata rana da rani Haladu ya zo Kazaure fuskarsa cike da fara'a. Ya ce ya ba Alhajin labarina, kuma Alhajin ya ce ko nawa ne zai biya da sefa, kuɗin ƙasarsu, idan aka samo masa wani abu na mawaƙin. Haladu yana so in sayar masa da sandar mawaƙin, shi kuma ya kai wa Alhajin ya ci riba. Na ce masa tana da tsada, ya bari. Iyakar ƙoƙarin da na yi na hana shi ke nan. Ya ce zai sayar da shanunsa, kafin ruwa ya sauka ya mayar da waɗanda suka fi su, ya kuma rufe ɗakin Inna da kwano.

Ranar da ya kawo kuɗin muna mu biyu a ɗakina. Ya riƙe sandar da hannu biyu kamar jariri, ya dubi hoton, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Tsakaninka da Allah, ta gaske ce?"

Na ce, "Haba Haladu, ni ne zan cuce ka?"

Wannan ba amsa ba ce, amma ya karɓe ta a matsayin amsa, domin shi mutum ne da bai iya zargin wanda suka ci abinci tare ba.

Cinikin ya yi masa kyau da farko. Alhajin ya biya ba tare da ya taya ba. Haladu ya sayi kwanon rufi, ya biya wasu buƙatun gida, ya ajiye sauran yana jiran farashin shanu ya ɗan sauko. Har kilishi ya kawo mini na godiya, na kuwa ci.

Ba a daɗe ba Alhajin ya tashi aurar da 'yarsa, ya kashe kuɗi ya ɗauko mawaƙin da kansa ya zo ya yi wasa a bikin. Ana tsakiyar taro, a gaban manyan baƙinsa, ya sa aka fito da sandar a kan ƙyalle, ya miƙa wa mawaƙin, ya ce ga amanarsa ta dawo gida, yana roƙon ya sa masa hannu a jikinta. Mawaƙin ya juya ta sama da ƙasa, ya yi dariya, ya faɗa a lasifika cewa shi tun da aka haife shi bai taɓa buga sinuka ba, bai ma san ta wane ɓangare ake riƙe ta ba. Taro ya fashe da dariya. Wayoyi suna sama suna ɗauka.

Mutum irin wannan yana iya yafe asarar kuɗi, amma ba ya yafe a yi masa dariya a bikin 'yarsa. Ranar kasuwar Babura ya tsallako, ya sa aka kama Haladu a tsakiyar buhunan gero, a gaban waɗanda suke hulɗa da shi. Haladu ya faɗi gaskiya, ya ce a wurina ya saya. Aka aiko mini in je.

Na sa manyan kaya na hau babur na tafi. A ofishin 'yan sanda na tarar da Haladu zaune a ƙasa ba takalmi, Alhajin yana kan kujera yana huci, sandar tana kan tebur. Da Haladu ya gan ni sai fuskarsa ta saki, ya ce wa mai binciken ga shi nan ya zo, yanzu za a ji komai. Mai binciken ya tambaye ni ko na san sandar. Na ɗauke ta na juya kamar yadda na saba, ina jin ƙanshin hayaƙin murhun gidanmu a jikinta. Sai na ce, "Yallaɓai, na sayar masa da sanda, gaskiya ne. Sandar gwanjo ce kawai, ban ce masa ta kowa ce ba. Waɗannan haruffa da wannan hoto ban san daga inda suka fito ba."

Haladu bai yi ihu ba, bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Dube ni ka sake faɗa."

Na dube shi, na sake faɗa.

Idan za ku manta da duk abin da na ba ku labari, kada ku manta da wannan. Ba sandunan ne babban laifina ba. A majalisa labarin bikin ake bayarwa saboda yana da ban dariya, ba a ba da labarin wannan ɗakin. Haladu ba shi da shaida, ni kuma ina da suna da manyan kaya. Aka sallame ni. Shi aka kai shi kotu, ya mayar da abin da ya rage a hannunsa bai cike ba, ya rasa mai tsaya masa, aka tura shi gidan yari jiran shari'a. A makon ruwan farko ya sauka.

Bayan kwanaki ina rumfa da hantsi, wasa yana ci, sai ga Inna. Tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, ta biyo motar kasuwa tun daga ƙauyensu. Ta yi sallama, samari suka ajiye sanduna suka matsa mata. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta tambayi mahaifiyata. Sannan ta kwance ƙullin da ta zo da shi, sai ga Alƙur'ani a cikin gafaka. Ta ce ita ba ta san sanda ba, ba ta san hoto ba. Ɗanta ya faɗa mata magana, an ce ni ma na faɗi tawa, kuma dukkanmu ita ta ciyar. Ta ce idan na dafa Alƙur'anin na maimaita abin da na faɗa a Babura, za ta koma gida ta ɗauka ɗanta ne ya yi ƙarya.

Na ce, "Inna, ba ni da alwala."

Ta ce, "Je ka yi, ɗan nan. Zan jira."

Na ɗauki buta na zagaya bayan rumfa. Na ajiye butar, na tura babur ɗina ba tare da na tayar da shi ba har na yi nisa, sannan na hau na nufi Roni. Daga baya aka faɗa mini ta zauna a kan bencin nan har la'asar, ta ƙi cin abin da aka saya mata, sai da masu wasan suka haɗu suka sa ta a mota.

A gidan Kawu na ɓuya. Bai kore ni ba, bai kuma tambaye ni komai ba. Ina tsammanin ƙura za ta lafa in koma. Abin da ban lissafa ba shi ne bidiyon bikin. Ya zagaya wayoyi, kuma a cikinsa an nuno sandar kusa da kusa, ga haruffan, ga jar fatar. Duk wanda na taɓa ja gefe na ce masa tasa kaɗai ce a duniya sai ya ɗaga kai ya dubi bangon falonsa. Ɗan mai gidan man nan, wanda na fara da shi kuma ya dawo daga baya ya sayi ta mawaƙin, shi ya fara kai ƙara. Da 'yan sanda suka iso Roni suka tambaya, Kawu da kansa ya nuna musu ƙofar ɗakin da nake. Na daɗe ina jin haushinsa a kan haka. Yanzu na san a duk dangina shi ne ya fi yi mini adalci.

Kafin a fara shari'ata aka kai ni gidan yarin da Haladu yake, a lokacin ana shirin sakinsa tunda asirina ya tonu. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na shiga ɗakin ina rarraba ido, ban san inda zan sa ƙafa ba. Shi ya taso ya nuna mini inda sabon zuwa yake kwanciya, ya faɗa mini lokacin ɗiban ruwa da wanda ba a yi wa gardama a ɗakin. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ba don kai na yi ba. Haka wani ya yi mini ranar da na zo." Bai sake ce mini komai ba har ya fita. Lokacin da ya koma gida gero ya riga ya fitar da kai a gonakin mutane, tasa kuwa ciyawa ce.

A kotu aka jera sandunan a kan tebur kamar 'ya'yan uwa ɗaya, haruffa iri ɗaya, jar fata iri ɗaya. Wasu masu sayen ba su zo ba, kunya ta hana su. Na fara da musu. Sai aka kawo badukun, ya ce shi aikin fata aka kawo masa ya yi, kuma ni nake kawowa. Mai wankin hoto ma ya zo. Daga nan na amsa laifina. Kada wani ya ce muku nadama ce ta sa na amsa, hanya ce ta ƙare mini. Aka yanke mini shekaru, aka sayar da babur da tebur da duk abin da na tara aka rarraba wa waɗanda suka kai ƙara. Abin da ya kai hannun Haladu bai isa sayen maraƙi ba.

Ko a ciki ban daina ba da farko. Bakina ya saba. Nakan ba 'yan ɗakinmu labarin manyan da na yi wa wayo, ina ƙarawa da gishiri, suna tafawa suna ba ni ragowar abinci. Har na fara jin ni ma wani ne. Sai wata rana ciwon ciki ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na faɗa, aka yi dariya, aka ce Mai Sanda ya ƙirƙiro sabuwar dabara. Na rantse, aka ƙara dariya. Ba mugunta suka yi mini ba, abin da na koya musu game da kaina suka bi. Sai da na faɗi a layin abinci sannan aka ɗauke ni aka kai asibiti aka yi mini aiki. A kan gadon nan ne na fara tunanin Haladu da gaske, yana zaune a ƙasa yana faɗin gaskiya ba mai yarda. Ni halina ne ya jawo mini. Shi kuwa ni na jawo masa. A nan na yi kuka na farko da ba don a gani ba, kuma daga nan na fara sallah da sanin abin da nake roƙo.

Kawu ne yake zuwa duba ni. Daga bakinsa na ji cewa Haladu ya jinginar da rabin gonarsa kafin su ci abinci a shekarar, kuma dillancin Babura ya mutu, domin ko da kotu ta wanke shi mutane ba su manta da ranar da aka tasa ƙeyarsa daga cikin buhuna ba.

Da aka sake ni, kwana ɗaya na yi a gida na wuce ƙasar Gwiwa. Damina ce. Na tarar da Haladu a gona yana noma da fartanya, shi da ya saba bin bayan shanu. Na yi sallama ya amsa. Na tsuguna a kan kunya na faɗi duk abin da na yi ɗaya bayan ɗaya, ban ce shaiɗan ba ne, ban ce talauci ba ne, na roƙe shi gafara. Ya jingina da fartanyarsa ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Na ji. Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na yafe ba. Ranar da na yafe zan aiko maka."

Na ce ya ba ni izini in taya shi aikin. Ya ce gona ba ta da ƙofa. Na ari fartanya na kama kunyar da ke kusa da tasa har rana ta yi tsaka. Da na biya ta gidansu Inna ba ta yarda ta gan ni ba, amma an miƙo mini ruwa ta saman danga. Tun daga shekarar, duk damina nakan rufe rumfa in je in yi masa noman farko da na biyu. Ba ya hana ni, ba ya gode mini. Akwai masu cewa wannan ma wani sabon salo ne na Mai Sanda. Su faɗa. Na yi shekaru ina damuwa da yadda mutane za su gan ni, kun ga inda abin ya kai ni.

Kawu ya dawo mini da tsohon teburinsa, ƙyallen duk faci. Ina nan a bayan tasha inda na fara. Ba ranar da wani ba ya ɗaga sanda ya tambaye ni ta wane shahararre ce wannan, a yi dariya. Nakan ce ta Kawu ce, kuma wasa naira kaza ne, a biya kafin a fara. Ba na sunkuyar da kai, ba na kuma barin gari don wani ya ji daɗi. Hukuncin da aka yanke mini na yi shi har ƙarshe. Wanda nake jin nauyinsa yana ƙauyensu, ba ya zama a majalisa.

Kwanan baya wani saurayi mai ilimi, mai iya waya fiye da ni, ya jira aka watse ya zauna kusa da ni. Ya ce kuskurena kawai shi ne na sayar wa mutanen da suka san gidanmu. Yanzu ta intanet ake yi, mai saye yana can wata ƙasa, ba zai taɓa ganin fuskarka ba. Ni in kawo gwaninta, shi ya kawo waya. Na ce masa ya tashi daga bencina. Ya yi mamaki, domin a zatonsa yabona ya zo yi.

Shi ya sa na rubuta wannan. Ƙannena, ban shiga wannan hanya da niyyar cutar aminina ba. Da an ce mini a ranar farko zan dubi Haladu ido cikin ido in tura shi gidan yari, da na yi faɗa da wanda ya faɗa. Ƙarya ɗaya na yi don a yi dariya, aka biya ni, na ji daɗin kuɗin, shi ke nan. Kada ku ce ai masu kuɗi kawai za ku taɓa. Ni ma haka na ce. Idan ƙarya ta zama abincinka, ranar da ɗan'uwanka ya zo saye ba za ka iya rufe shago ba, kuma ranar da asiri ya tashi tonuwa, wanda ya fi yarda da kai shi za ka fara turawa gaba. Idan kun sayar da abu, ku faɗi abin da yake. Idan wani ya ce muku wane ne ya taɓa riƙe shi, ku biya kuɗin itacen kawai. Idan kuma kun riga kun fara, ku tsaya yau, tun wanda za ku nemi gafararsa yana iya kallon fuskarku.

Kada ku kira ni mai wayo. Ku kira ni abin da na aikata, zan amsa.

Har yau Haladu bai aiko ba. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, na riga na kai fartanyata maƙera.